Ido, Hannu da Ƙwaƙwalwa: Darasi Daga Rumfar Mai Ɗinkin Hula a Sabo, Ibadan

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya koyi Hausa a cikin aji, kamar yadda na koya, ya san akwai Hausar da ba a samun ta a littafi. Ni Yarbanci ne harshena na farko, saboda haka idan an yi hutu nakan tafi unguwar Sabo ta Ibadan in zauna da mutane domin in gyara bakina. Sabo tana kusa da Mokola, kuma an keɓe ta ga Hausawa tun shekarar 1916. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi bincike a cikinta a shekarun 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969, inda ya nuna yadda fataucin goro da na shanu suka gina unguwar. Wanda ya shiga Sabo zai tarar da 'yan canji da masu tsire da masu shayi da teloli, kusan kowa da hannunsa yake ci.

A nan na saba da wani dattijo mai ɗinkin hula, wanda nake kira Baba. Na shafe kwanaki ina kallon aikinsa har na ga kamar na gane komai. Na san inda allura take shiga da inda take fita, har ina iya bayyana shi da Hausa. Ran nan sai ya miƙo mini wani ƙyalle da aka yi wa zane, ya ce in gwada. Ban kai ɗinki goma ba na soke yatsana, layin kuma ya karkace. Baba ya yi dariya ya ce, "Ɗana, idonka ya gani, amma hannunka bai ji ba tukuna."

Wannan magana ita ce ta haifar da wannan maƙala. Tambayar ita ce, mene ne yake tsakanin ido da hannu, wanda Baba yake da shi ni kuwa ba ni da shi? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. Zan bi hanyar tun daga ido har zuwa yatsa, sannan in nuna abin da ya shafe mu a ciki, mu ɗaliban harshe.

2.0 Yadda Gani Yake Isa Ƙwaƙwalwa

Masana na dā da yawa sun ɗauka cewa wani haske ne yake fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Masar tsakanin wajejen 1011 da 1021, shi ne ya kafa hujja cewa haske shiga ido yake yi, kuma fahimtar abin da aka gani ba ta kammala a cikin ido, sai an kai ga ƙwaƙwalwa. Binciken zamani ya tabbatar da haka.

Idan haske ya baro zaren da ke hannun Baba, yakan shiga ido ya sauka a kan wani tantani da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido. Wannan tantani yana juya haske ya zama saƙo irin na lantarki. Saƙon yana bi ta jijiyar gani, wadda a kowane ido take ɗauke da zarurruka fiye da miliyan 1. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin biyu suna haɗuwa, wasu zarurrukan su ƙetara. Sakamakon haka, abin da ke hagu da inda mutum ya kafa ido yana tafiya ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, abin da ke dama kuma ya tafi ɓarin hagu. Daga nan saƙon ya yada zango a wani sashe da ake kira talamus, sannan ya isa cibiyar gani da ke can wajen ƙeya. Ke nan, da ƙeya muke gani, ko da yake idanu suna gaba.

David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a 1981, sun gano cewa ƙwayoyin jijiya na wannan cibiya sun raba aiki. Wata ƙwayar ba ta amsawa sai ta ga layi a tsaye, wata sai a kwance, wata kuma sai a karkace. Zanen hula kuwa layuka ne da kusurwoyi. Da irin waɗannan gutsattsari ne ƙwaƙwalwa take harhaɗa siffar da muke gani.

3.0 Hanyoyin Gani Guda Biyu

Daga ƙeya, saƙon gani yana rabuwa gida biyu. Hanya ta farko tana gangarawa zuwa gefen kai, ta wajen kunne. Aikinta shi ne gane abu: wannan allura ce, wancan jan goro ne, wannan fuskar wane ce. Hanya ta biyu tana hawa zuwa saman kai. Aikinta shi ne auna inda abu yake, da nisansa, da yadda hannu zai kama shi. Leslie Ungerleider da Mortimer Mishkin ne suka bayyana wannan rabuwa a 1982, sannan Melvyn Goodale da David Milner suka nuna a 1992 cewa ta biyun hanya ce ta gani domin aiki.

Marasa lafiya biyu sun fito da wannan batu fili. Ta farko wata mata ce da masana suka sakaya sunanta, suna kiran ta D.F. A 1988 ta shaƙi iska mai guba ta kabon monoksaid, hanyarta ta farko ta lalace. Idan aka nuna mata wata tsaga kamar bakin akwatin gidan waya, aka tambaye ta ko a tsaye take ko a karkace, ba ta iya faɗa. Amma idan aka ba ta kati aka ce ta zura shi, sai hannunta ya juya daidai ya zura. Na biyun kuwa tun a 1909 wani likita ɗan ƙasar Hangari, Rezso Balint, ya ba da labarinsa. Shi yana ganin abu sarai, yana kiran sunansa, amma idan ya miƙa hannun dama don ya ɗauka sai hannun ya kauce. A wurinsa sashen saman kai ne ya sami matsala.

Wannan ya nuna cewa gane abu daban, iya kai hannu gare shi daban. Kwanakin da na yi ina kallon Baba, ganewa kawai na tara. Bangaren aiki kuwa ban taɓa motsa shi a kan allura ba.

4.0 Yadda Umarni Yake Zuwa Hannu

Bayan an auna inda abu yake, sai bayanin ya wuce sashen gaba na ƙwaƙwalwa, inda ake tsara motsi. Akwai wani ziri da ya ratso daga saman kai zuwa gefe, wanda daga gare shi umarni yake fita zuwa tsokoki. Jamusawa biyu, Gustav Fritsch da Eduard Hitzig, su ne suka gano shi a 1870 ta gwaji a kan karnuka. A 1937 likitan tiyata Wilder Penfield na Kanada da abokin aikinsa Edwin Boldrey suka zana taswirarsa a jikin ɗan Adam. Abin da taswirar ta nuna shi ne, rabon wuri bai bi girman gaɓa ba. Hannu da yatsu da leɓɓa da harshe su ne suka kwashe fili mafi yawa, alhali gangar jiki duk girmanta ɗan wuri kaɗan ta samu. Gaɓoɓin sana'a da na magana, su ne 'yan gata a cikin ƙwaƙwalwa.

Umarnin yana gangarowa ta wasu dogayen jijiyoyi. A daidai inda ƙwaƙwalwa take haɗuwa da laka, mafi yawansu suna ƙetarawa zuwa ɗaya ɓarin, shi ya sa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne yake juya hannun dama. Daga laka kuma wasu jijiyoyin suka ɗauka zuwa tsokoki. Hannu yana da ƙasusuwa 27, kuma yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu suna can a damtse ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, suna jan yatsu da wasu igiyoyi. Mai karatu ya riƙe damtsensa ya motsa yatsu, zai ji suna aiki.

5.0 Ido Ne Jagora

Idan mutum ya miƙe hannu ya dubi farcen babban yatsansa, kusan iya faɗin wurin da ido yake gani tangaran ke nan. Sauran duk gani ne na dishi-dishi. Domin haka ido ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle kimanin sau 3 a kowane sakan, yana ɗebo bayani daga nan da can.

A 1999 Michael Land na Jami'ar Sussex a Ingila da abokan aikinsa sun sanya wa mutane wata na'ura mai bin motsin ido, suka ce su haɗa shayi. Sun gano cewa ido yana riga hannu isa ga kowane abu da kimanin rabin sakan, kuma sau da yawa kafin hannu ya gama aikin da yake yi, ido ya riga ya wuce abu na gaba. Bayan na karanta wannan, na je teburin wani mai shayi a Sabo na zuba masa ido. Yana fifita shayi daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma kafin ya ajiye kofin, idonsa ya koma kan gwangwanin madara. Haka Baba yake. Ba ya kallon inda allura take, yana kallon inda za ta je. Ni kuwa allurar nake bi da ido, shi ya sa kullum nake a makare.

Dalilin wannan shi ne, saƙo yana cin lokaci. Kafin abin da ido ya gani ya isa ƙwaƙwalwa, a sarrafa shi, umarnin gyara ya sauko hannu, an ci fiye da kashi 1 cikin 10 na sakan. Ga ɗan canji da ke ƙirga takardun kuɗi da sauri, ko mai tsire da ke fere nama da wuƙa mai kaifi kusa da yatsunsa, wannan jinkiri ba ƙarami ba ne. Da ƙwaƙwalwa za ta jira ta ga sakamakon kowane motsi kafin ta yi na gaba, da babu aikin da zai yi sauri. Saboda haka sai ta yi kintace. Tana aika umarni, kuma a lokaci guda tana lissafa inda hannu zai kasance. Tun a 1899 Robert Woodworth na Amurka ya nuna cewa miƙa hannu kashi biyu ne: na farko mai sauri wanda aka riga aka tsara, na biyu mai sanyi wanda ido yake yi wa gyara dab da isa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. Ƙimar nan ƙwaƙwalwa ce take yin ta.

6.0 Ƙaramar Ƙwaƙwalwa da Amfanin Kuskure

A ƙarƙashin cibiyar gani, can ƙasan ƙeya, akwai wani sashe mai ninki-ninki da za mu iya kira ƙaramar ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi 10 ne cikin 100 na dukkan ƙwaƙwalwa. Amma ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel ta ƙasar Barazil da abokan aikinta suka buga a 2009 ta nuna cewa daga cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum, kusan biliyan 69 a nan suke. Babban aikinta shi ne kwatanta abin da aka yi niyya da abin da ya faru. Idan an sami bambanci, sai ta gyara lissafin motsi na gaba.

A 1996 Thomas Thach da abokan aikinsa a Amurka sun buga wani gwaji. Sun sa mutane jifan wata alama a bango da dunƙulen yumɓu. Sai suka sanya musu tabarau na musamman da ke karkatar da gani zuwa gefe guda. Jifan farko duk ya kauce, amma a hankali masu lafiya suka dawo kan alamar. Da aka cire tabarau, sai jifa ya kauce zuwa ɗaya gefen na ɗan lokaci, alamar cewa ƙwaƙwalwa ta riga ta sauya lissafinta. Masu ciwo a wasu sassa na ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa sun yi ta kuskure iri ɗaya, ba gyara.

Na ga irin wannan a rumfar Baba. Kamar yawancin waɗanda suka haura shekara 40, gani na kusa ya daɗe da fara yi masa wuya, domin madubin da ke cikin ido yana taurara da shekaru. Da ganin ya ƙara raguwa, sai 'ya'yansa suka kai shi asibiti aka sauya masa tabarau. Kwana biyu na farko ransa a ɓace yake. Yana ganin zare fiye da dā, amma idan ya zo zura shi a kafar allura sai ya wuce. Har ya ce mini yana tsoron hannunsa ne ya fara mutuwa, kuma idan hannu ya tafi, abincin gidan ya tafi. Kafin mako ya zagayo aiki ya koma daidai. Hannunsa lafiya lau yake. Sabon tabarau ne ya sauya girma da nisan abubuwa, ƙwaƙwalwa kuma tana bukatar ta yi 'yan kurakurai kafin ta sake daidaita awonta.

7.0 Jin Gaɓa: Abin da Ido Ba Ya Gani

Rabin aikin mai ɗinkin hula a ɓoye yake, domin allura tana bi ta ƙarƙashin ƙyalle kafin ta ɓullo. Ta yaya hannu yake sanin inda yake alhali ido bai gan shi ba? A cikin tsokoki da igiyoyinsu da mahaɗan gaɓoɓi akwai wasu ƙananan ma'aunai da ke sanar da ƙwaƙwalwa matsayin kowace gaɓa a kowane lokaci. Charles Sherrington ne ya raɗa wa wannan ji suna a 1906. Ni ina ba da shawarar mu kira shi jin gaɓa. Mai karatu ya rufe ido, ya miƙe hannu, ya taɓa hancinsa da ɗan ali. Abin da ya kai yatsan nan hanci, shi ne jin gaɓa. Likitoci ma da irin wannan gwaji suke duba daidaiton motsi. Ashe da Baba ya ce hannuna bai ji ba, ya faɗi kalmar da ta dace.

Garin Ibadan yana da nasa tarihin a wannan fage. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, a nan ne Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa bayan ya zo daga Amurka a 1962. A nan kuma Farfesa Benjamin Osuntokun ya yi bincikensa da ya shahara, wanda ya buga a 1968, a kan wata cutar jijiyoyi da ta addabi mutane a yankin Ijebu da Epe. Masu cutar suna rasa jin gaɓa, musamman a ƙafa, suna tangaɗi idan suna tafiya, wasu kuma gani da ji suna raguwa. Osuntokun ya danganta ta da dogaro a kan rogo wanda ba a cire masa dafin sayanaid sosai ba, tare da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda ya rasa jin gaɓa dole ya riƙa kallon ƙafarsa ko hannunsa kafin ya sarrafa su, kuma a cikin duhu abin ya fi tsanani. Wato ido yana iya cike gurbin jin gaɓa, amma da wahala da jinkiri.

8.0 Abin da Ya Shafi Ɗaliban Harshe

Na farko, sanin ƙa'ida daban, iya aiki daban. A 1953 an yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, tiyata a ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya, daga nan ya daina riƙe sabbin abubuwa a ransa. Brenda Milner ta sa shi bin layin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. A cikin kwana 3 ya ƙware, amma kowace rana yakan ce bai taɓa yin aikin ba. Hannu ya koya, tunani bai sani ba. Haka abin yake a furuci. Na ci jarrabawa a kan yadda ake furta ɓ da ɗ da ƙ, sautukan da babu su a Yarbanci, amma na daɗe ina cewa "kafa" a maimakon "ƙafa", yaran Sabo suna yi mini dariya. Dariyar nan ita ce ta gyara ni. Kunne ya ji kuskure, ƙwaƙwalwa ta sauya lissafi, kamar dai yadda ido yake gyara wa hannu. Ɗalibin da ke tsoron kuskure ya hana ƙwaƙwalwarsa abin da take koyo da shi.

Na biyu, rubutu ma sana'ar ido da hannu ce. Wanda ya saba da boko, ranar da ya fara ajami daga dama zuwa hagu zai ga hannunsa yana rawa, ko da ya haddace baƙaƙen. Almajiran Sabo da ke rubutu a allo da alƙalami da tawada suna wanke allon su sake rubutu kullum, kuma maimaicin nan ne yake daidaita musu hannu. Wanda yake son ajami ya zauna masa, sai ya riƙa rubuta ko da layi biyar kowace rana. Kallon rubutun wani ba zai wadatar ba.

Na uku, akwai batun lafiya. A wurin mafi yawan mutane, cibiyoyin magana suna ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kamar yadda likitan Faransa Paul Broca ya fara nunawa a shekarun 1860, kuma ɗaya daga cikinsu tana maƙwabtaka da sashen da ke motsa fuska da hannun dama. Shi ya sa shanyewar ɓarin jiki ta dama sau da yawa take zuwa da sarƙewar magana. Idan baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice, a garzaya asibiti nan take, domin kowane minti ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa. Hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo ta. Mu da muke jin harshe biyu ko uku, wataƙila wata rana mu ne za mu tsaya tafinta tsakanin likita da dattijo irin Baba.

Na huɗu, aikin ƙirƙirar kalmomi yana jiran mu. A cikin wannan maƙala na yi amfani da cibiyar gani, da ƙaramar ƙwaƙwalwa, da jin gaɓa. Shawara ce kawai. Ina roƙon 'yan uwana ɗalibai da malamanmu su auna su, su kawo waɗanda suka fi su idan akwai.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi saƙo daga tantanin ido zuwa ƙeya, daga nan zuwa saman kai inda ake auna wuri, zuwa gaba inda ake tsara motsi, zuwa laka da tsoka. Ta nuna cewa ido yana riga hannu, ƙwaƙwalwa tana kintace saboda jinkirin saƙo, ƙaramar ƙwaƙwalwa tana gyara da kuskure, jin gaɓa kuma yana riƙe abin da ido ba ya gani. Gwanintar da muke jingina wa hannu, lissafi ne da ƙwaƙwalwa ta tara a cikin shekaru na maimaici.

A zuwana Sabo na ƙarshe, na kammala wani ɗan zane a bakin hula. Baba ya ɗaga shi ya duba ta cikin tabarau, ya shafa bayansa da yatsa, ya nuna mini wurare uku da zare ya saki. Ya ce in warware su in sake.